Dutsen Bakin Rijiya

Rowa ce ta ja wa Ikrima, ba wani abu ba. Shekarar da aka mai da aikinsa Birnin Kebbi daga Sakkwato, ya kama haya a Badariya, gidan wata tsohuwa, Inna Tamba. Sharaɗi biyu ta kafa masa: kada ya huda mata bango, kuma kada ya taɓa dutsen da aka rufe tsohuwar rijiyar tsakar gida da shi.

Da ya sayi faifan satalayit na hannu wajen Gbadebo a unguwar Nasarawa, Gbadebo ya ce ya haɗa da siminti rabin buhu a kafa ƙarfen faifan a ƙasa. Ikrima ya yi tsaki. Siminti kuma, a gidan da ba nasa ba?

Ranar Alhamis da yamma ya ɗaura faifan a ƙarfe, ya tsayar. Iska ta kaɗa, abin ya kife. Ya tayar, ya sake kifewa. Sai idonsa ya faɗa kan dutsen nan, shimfiɗaɗɗe, daidai danne gindin ƙarfe.

"Malam, Inna ta hana," in ji matarsa Hamida.

"Inna na Argungu. Wa za shi gaya mata?"

Ya jawo dutsen da kyar. Wani wari ya taso, na laka da ruɓaɓɓen kifi. Ya danne ƙarfen, faifan ya tsaya ƙyam.

Saura nemo hoto. Aikin mutum biyu ne: ɗaya na juya faifai a waje, ɗaya na kallon talabijin yana faɗin ko ya kawo. Ana kiran magariba ya tura Hamida ɗaki. Ta ce a bari ta yi salla tukuna. Ya ce minti biyu kawai.

Ya juya. Ƙarfe ya yi ƙara.

"Bai kawo ba."

Ya ƙara juyawa. Kajin maƙwabta suka yi tsit. Har ladanin ya daina jinsa.

"Ya kawo," ta ce, a hankali.

"Mi kika gani?"

"Kai nika gani, Malam. Ga ka nan riƙe da sufana." Ta ƙara rage murya. "Akwai wata bayanka. Ta ɗora hannu bakin rijiya."

Bai waiwaya ba. Ya ji ɗigar ruwa a ƙasa. Ɗis. Ɗis. Sanyi ya taɓa masa ƙeya, warin ya cika masa hanci.

"Hamida, kashe shi!"

Ɗaki shiru.

Ya fizgo dutsen, faifan ya faɗi. Ya ja dutsen da baya-baya, ido rufe, bakinsa na a'uziyya. Dutsen ya hau bakin rijiya, saura faɗin tafin hannu ya rufe.

Sai murya ta taso daga can ƙasa. Muryar Hamida.

"Malam, dakata. Kada ka rufe. Ina ciki."

Ya ji ta sarai. Tsoro ya fi ƙarfinsa. Ya tura dutsen ya rufe.

Ya tarar da Hamida zaune gaban talabijin, lafiyarta lau, tana kallonsa. Ta buɗe baki, ko tari bai fito ba.

Malamai sun yi rubutu, an kai ta asibiti har Sakkwato, a banza, muryarta ba ta dawo ba. Ya tashi daga gidan, ya mai da ita Argungu wajen mahaifiyarta, kunya ta hana shi faɗa wa kowa abin da ya ji. Wata uku yana fama da zuciyarsa, kullum yana cewa gobe. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya koma Badariya da igiya don ya buɗe rijiyar, ya tarar Inna Tamba ta sa an cike ta da ƙasa, sababbin 'yan haya sun shanya wanki a wurin.

Da ya dawo Argungu, Hamida ta tarbe shi a ƙofa, ta karɓi igiyar, ta dubi hannunsa, a bushe, ko ɗigon ruwan rijiya babu. Ya sunkuyar da kai. Ita ce ta kawo masa ruwan sha.