Garatutin Malama Sabuwa

Malama Sabuwa ta durƙusa a ƙofar siton ƙaninta Tsoho a Ruwan Bago, hannunta cikin buhun da aka farke, hawaye na bin kumatunta. Masara a sama, ƙaiƙayi da tsakuwa a ƙasa! Buhu na tara ke nan da aka buɗe, duk haka... "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," kawai take maimaitawa.

Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare a Turawa, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Kausar, mai karatun ungozoma a Kano. Da garatutinta ya fito sai ta raba shi uku don kada ta tashi a tutar babu: hannun jari a wani kamfani, awakin kiwo, da masara buhu ɗari da ta ba Tsoho ajiya, yaron da ta goya a bayanta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kamfanin ya durƙushe. Annoba ta shiga garke ta kwashe awakin cikin mako biyu. Farashin masara kuma ya faɗi warwas, har Tsoho ya yi ta matsa mata ta sallama masa buhunan a araha, ita kuwa ta ce sai ta gan su da idonta.

"Tsoho, mene ne wannan?" ta tambaya.

"Yaya, ke fa kika sayo su da kanki a kasuwar Karaye! An cuce ki can, ki zo ki ɗora mini? Tsufa ne ya fara taɓa ki!"

Wayyo duniya! Dangi suka taru, duk suka bi bayan Tsoho, don shi ke yi musu hidima. Gwaggonsu ta ce alhakin talakawa ne, wai ta ɓoye abinci Allah ya kama ta. Aka daina gaishe ta a biki da suna. Kausar ta bugo waya tana kuka: "Umma, bari in bar karatun nan in dawo..."

"Kul!" in ji Malama Sabuwa, tana share ido da bakin mayafi. "Kuɗi na rasa, ban rasa hannuwana ba. Ki zauna ki yi karatunki."

Ta kwaso buhunan zuwa gida, ta zauna a tsakar gida tana sheƙewa tana tsince tsakuwa har yatsunta suka tsage. Buhu talatin da ɗaya ta tsira da su. Ba ta sayar a faɗuwa ba. Ta kai 'yan kunnenta kasuwa, ta sayo 'yan tsaki, masarar ta zama abincinsu. Ta rage cefane, ta taƙaita kan ɗan fanshonta, kullum bayan sallah tana roƙo: "Ya Allah, Kai ne shaidata, Ka bayyana gaskiya." Kafin wata bakwai, masu shayin Karaye a wurinta suke sarin ƙwai.

Ranar wata Laraba dagacin Ruwan Bago ya aiko kiranta, don ya ji labarin buhunanta. Ashe Tsoho ya maimaita halinsa a kan wani ɗan kasuwar Rogo, Alhaji Audu, shi kuwa ya kai ƙara. Ana cikin rantse-rantse sai matar Tsoho, Maijidda, ta fashe da kuka.

"Ranka ya daɗe, na gaji da ɗaukar alhaki! Da hannuna na ɗinke buhunan Alhaji, haka na ɗinke na Yaya Sabuwa. Ya kwashe masararta ya sayar tun tana tsada, ya ce in na faɗa a bakin aurena!"

Gwaggo ta rufe fuska. Dagaci ya yanke cewa a sayar da gonar Tsoho ta fadama a biya kowa haƙƙinsa, in ya ƙi kuma sai kotu.

Tsoho ya rarrafo ya kama ƙafar Malama Sabuwa yana gunjin kuka. "Yaya, ki yafe mini don Allah..."

Ta dube shi, hawaye na sauka a hankali.

"Tashi, Tsoho. Zagin da ka ja mini na yafe, duniya da lahira. Masarata kuwa sai ka biya, har ƙwayar ƙarshe."