Lamba Shida a Kwamfutar Auta

Kin sha ganin an yanke wa baƙo hukunci don a rufa wa ɗan gida asiri, kika kau da kai. Irin wannan shirun naki saura ƙiris ya raba Auta da masoyinta.

Auta ta dire kwamfutarta a kan teburin shagonsa, har ƙananan kusoshi suka tarwatse.

"Kai ne ko ba kai ba ne?"

Injiniya, saurayinta mai gyaran kwamfuta, ya ɗago a hankali.

"Ko gaisuwa babu, hasken idona?"

"Kada ka sake kirana da sunan nan! Hotunana na ɗaki, ba ɗankwali ba mayafi, an tura wa Baba ta baƙuwar lamba. A kwamfutar nan kaɗai suke, kuma a shagonka ta kwana biyu. Baba ya ce ya fasa ba ka aurena..."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Ita kuwa idonta na kan fuskarsa, tana jiran ta ga alamar rashin gaskiya.

"A gida wa ke taɓa ta?"

"Babu! Fara, 'yar Goggona da muke ɗaki ɗaya, a gaban Baba ta rantse ko kunna ta ba ta iya ba."

"Sau nawa na ce ki sa mata lambar sirri?"

"Na ce maka gidanmu babu ɓarawo."

"To, shagona ne ke da shi kenan."

Maganar ta soke ta, amma ba ta janye ba. Mai laifi ma ai ya iya marairaice murya.

Ya kunna kwamfutar, ya shiga wurin saiti, ya juyo mata da ita.

"Lamba shida za ki sa, ki maimaita a ƙasa. Ban da ranar haihuwarki, ban da tawa, ban da ƙarshen lambar wayarki."

"Kai kuma kana tsaye a kaina kana haddacewa?"

Ya fice daga shagon, ya tsallaka titi, ya tsaya wajen mai facin taya, ya ba ta baya. Ta duba silin ko akwai kyamara. Ta kifa madubin da ke kan teburin. Sannan ta kare da gefen mayafinta ta danna.

Da ya dawo ya ce, "Ki ajiye ta inda kika saba. Kada ki gaya wa kowa kin kulle."

"Har kai?"

"Musamman ni."

Washegari da hantsi ta fito daga wanka, ta tura ƙofar ɗaki, ta tsaya cak.

Fara ce zaune a bakin gado, kwamfutar a cinyarta, yatsunta na gudu kamar na magatakarda. Ta danna, aka ƙi. Ta ja tsaki, ta sake.

"Shekarar haihuwata kika gwada ko ta Mama?"

Fara ta zabura.

"Ƙura... ƙura nake goge miki."

"Ashe kin iya kunnawa?"

"Auta, wallahi..."

"Kar ki ƙara wata rantsuwar a kan ta farko!"

Sai Fara ta ture kwamfutar, idonta ya kaɗa.

"Ni na fara ganin Injiniya! Ni na raka ki shagon! Ke komai naki ne a gidan nan!"

Mama na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ji komai.

"A bar maganar a ɗakin nan," ta ce a hankali. "Zumunci..."

"Shi kuma fa, Mama? Shi ba ɗan wasu ba ne?"

Da ƙafarta Auta ta je ta gaya wa Baba. Da yamma ya aika a kira Injiniya, ya ba shi haƙuri a gaban Goggo.

A bakin ƙofar gida Auta ta kasa haɗa ido da shi.

"Na zarge ka..."

"Har madubina kika kifa, Gimbiya."

"In gaya maka lambar?"

"Riƙe abarki. Ranar aure kawai nake so a gaya min."

Ta rufe fuska tana dariya, hawaye na bin yatsunta.

Ke kuma da kike karantawa, kin san wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba a gidanku. Kulle kwamfutarki yau, sannan ki tashi ki je ki faɗi abin da kika gani.