Na Ɗaya a Layin Biza

Shekara tara Sharhabilu yana shirin barin Alƙahira, har furfura ta shigo masa ba biza ba fasfo. Matarsa Zaituna tana aikin jinya a Görlitz, wani tsohon birnin Jamus na bakin iyaka. Ya haddace garin kaf: tsofaffin gine-ginensa, hasumiyoyinsa, har lokacin tashin jiragen ƙasansa. Zuwa ne kawai ya rage.

Tun kafin kiran asuba ya isa ofishin biza a unguwar Muhandisin, domin masu layi kan rubuta sunayensu a takarda su danne da dutse, kuma yau yana son zama na ɗaya. Sai ya tarar da wani tsoho a tsugune, rungume da fayil, yana warin tsohuwar takarda.

"Sannu Baba. Ina aka nufa?"

"Görlitz," in ji tsohon da Hausa, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Akwai gada a kan kogi. Ka taka da ƙafa ka shiga Poland, ba mai tambayarka takarda."

Maganar da Sharhabilu ya kwana yana maimaitawa ke nan a gaban madubi.

"Kun daɗe kuna jira?"

"Ma'alish, sai haƙuri. An ce gobe."

Ya sunkuya zai rubuta sunansa, sai ya ga an riga an rubuta a lamba ɗaya, da rubutun hannunsa, tawadar ta koɗe. Ba dutse ne ya danne takardar ba, ƙafar tsohon ce, cikin takalmin Sharhabilu, wanda ya ɗinke jiya da shuɗin zare.

"Zauna," in ji tsohon. "Zaituna ta daina kira tuntuni."