Wanzamin da Ya Motsa

Ranar da Octave ya fara ganin Eulalie, ranar ya tafka kuskuren da ba a yafe wa ɗan wasa. Fim ɗin barkwanci suke ɗauka a ɗakin gilashi na garin Montreuil, inda da hasken rana ake ɗauka: wanzami ya ɗaga aska, wanda ake wa askin ya rikiɗe ya koma agwagwa. Dabarar ba wuya. Mai juya na'urar ɗauka zai tsai da hannu, kowa ya ƙame, a sauke mutum daga kujera a ɗora agwagwa, sannan a ci gaba. Octave ne wanzamin. Ana cikin ƙamewar wata yarinya ta wuce da kwalaben fenti, gogan naka kuwa ya bi ta da wuya.

"Kai, wawan ina ne wannan!" in ji Baba Prosper mai na'ura. "Sati guda muna jiran rana, ta fito ka ɓata min ita!"

Ashe 'yarsa ce. A bene take aiki, inda 'yan mata ke shafa wa fim launi hoto bayan hoto, kowanne bai fi farce ba. Kowace da launinta, na Eulalie ja ne.

Wasiƙu suka soma hawa da sauka. Ya rubuta: "Jar fulawata, yau sau shida na faɗo daga tsani, ban ji zafi ba, tunda ke za ki shafa wa rigata ja."

Ta amsa: "Wanzamina, fuskarka dubu na kalla yau ban gaji ba. Amma don Allah ka daina motsi, Baba ya cika fam."

Da ya je neman aure, tsohon ko kujera bai ba shi ba. "Kai da ka kasa tsayawa minti ɗaya, kai zan ba 'ya?"

Sanyi ya shigo, rana ta ɓuya, amsar wasiƙunsa ta ɗauke. Sau biyu ya ɗaga mata hannu a tsakar gida ta wuce kamar ba ta san shi ba. Rannan ya hango ta riƙe da hannun Célestin mai kantin magani. Zuciya ta ɗebe shi ya rubuta: "Na gani. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ya yi kuka, ba ya ma ɓoyewa.

Ranar da aka haska fim ɗin don gwaji, sai ga ja ya bar rigar wanzami ya hau kuncinsa, ya hau bango, har agwagwar ta samu rabonta. Ɗaki ya ɗauki dariya. Baba Prosper kaɗai ya sunkuyar da kai yana hawaye. Nan Octave ya gane idon Eulalie ne ya samu matsala. Ko hula bai ɗauka ba ya fita.

Ya same ta zaune a bakin taga.

"Wane ne?" ta ce, alhali yana gabanta.

"Ni ne, fulawata."

Ta rufe fuska. "Aikin nan ya cinye min ido, Octave. Célestin gun likita yake raka ni, likitan ya ce kafin bazara sauran ma zai tafi. Me za ka yi da makauniya?" Ta laluba aljihu. "Ga wasiƙunka, ban iya karantawa ba. Karanta min ta ƙarshe."

Ya dubi wasiƙar, kunya ta kama shi. "Wannan wawa ne ya rubuta ta. Bari in faɗa miki wata da baki. Ki aure ni."

Baba Prosper na tsaye a ƙofa. "Yaro, ba warkewa za ta yi ba fa."

"Na ji, Baba. Ban zo neman ido ba."

Aka ɗaura aure wata Asabar ana yayyafi, mutum goma sha ɗaya a coci. Amarya ba ta ga farar rigarta ba, shafa ta kawai ta yi ta ce ta yi kyau. A bakin matakala tsohon ya ɗora hannunta a kan na Octave.

"Kar ka ja ta, ba ta so. Ka bari ita ta riƙe ka. Matakala biyar ce, ka riƙa ƙirga mata. Allah ya yi muku albarka."

Octave ya ce, "Ɗaya," ta sauke ƙafa.