Ranar da Tela Ya Kashe Wayarsa

Tela na durƙushe a tsakar gida yana matsa wa matarsa Auta ƙafafunta da suka kumbura suntum, sai ga mahaifiyarsa Hajiya ta faɗo ko sallama babu.

"Innalillahi! Jiya an ce an gan ka a layin awo, tsakiyar mata, riƙe da kati, yau kuma tausa? Kai ne mai cikin?"

"Hajiya, nas ce ta ce jininta ya hau, a riƙa—"

"Rufe min baki! Tara na haifa, ubanka ko ƙofar ɗakin bai taɓa leƙawa ba. Mijin-ta-ce kawai!"

Tun daga ranar bai sake raka Auta asibiti ba. In ta roƙe shi sai ya ce, "Yi haƙuri masoyiyata, uwa ce, ya zan yi?"

Wata rana da hantsi naƙuda ta taso. Auta ta damƙe rigarsa tana kuka. "Don Allah kar ka tafi, kaina kamar zai tsage!"

Hajiya ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Wuce shago! Harkar mata ce. Kuma kashe wayar nan, kar ta dame ka da raki."

Ya kashe. Ya wuni yana taka keke, ya ɗinka ya warware. Bayan la'asar maƙwabciyarsu ta afko shagon ba takalmi.

"Tun azahar ake nemanka! Auta ta yi jijjiga mun kai ta asibiti. Likita ya ce sai an yi aiki, Hajiya ta ƙi sa hannu, wai a zuri'arku ba a yanka mace!"

Da gudu ya isa, ya sa hannu. Can likita ya fito, ya girgiza kai.

"Ita ta tsira. Yaron ya koma, kuma dole muka cire mahaifar. Da ka zo da wuri..."

Hajiya ta sulale a kan benci ta ɗora hannu a ka. Babu wanda ya kalle ta.

Da Auta ta farfaɗo, magana ɗaya ta yi: "Na yi ta kiran ka." Ta juya fuska bango.

Wata uku Tela na yi mata wanki da girki, ba ta ce masa uffan. Sai wata safiya ta karɓi kofin shayi daga hannunsa, ta matsa gefe, ya zauna a bakin gado. Suka yi kuka tare. Abin da haƙurinsa ya sama masa ke nan, gidan kuwa shiru har yau.

Biyayya ga uwa wajibi ce, amma wanda ya yi wa mace ciki, shi ya kamata ya tsaya mata ranar da take biyan cikin da ranta.