Wanda Ya Riga Amsawa

Na rasa miji, na samu waya mai muryarsa. Maƙwabta suka ce na ci riba. Ni busasshen kifi nake sayarwa, in an cuce ni ina sani.

Ɗana Vinh ne ya haɗa abin. Ya tattara saƙonnin muryar ubansa, Quyet, ya ba wani kamfani, suka yi wa mamaci baki. Ya jingina wayar a teburin magabata, inda muke ajiye wa matattunmu shinkafa, mu kira sunansu su zo su ci.

Kullum in na kunna turare na ce, "Quyet, ga abinci," sai wayar ta amsa, "Na gode, masoyiyata."

Wai masoyiya! Mutumin da bai taɓa yabon miyata ba. Amma ban kashe wayar ba. Shirun gidan ya fi ƙarfina.

Wata magariba na biyo bakin kogi daga kasuwa. Kwaɗi suka yi tsit. Warin tabar Quyet ya biyo ni, da ƙarnin jiƙaƙƙiyar komarsa ta kamun kifi.

Na shiga gida, na kunna turare, na kira. Wayar ta amsa.

Aka yi tari a bayana.

"Uwar Vinh," Quyet ya raɗa min. "Wa kike ciyarwa?"

Ban juya ba. "Kai mana, tsohon banza."

"Ƙarya kike. Kina kira, na cikin wayar nan yake riga na amsawa. Wanda ya amsa shi ke da kwanon. Tun da na mutu ban ci ba."

Wayar ta ce, "Masoyiyata, lafiya kika yi shiru?"

"Zan riƙa kashe ta ranar tunawa da kai," na ce. "Sauran kwanakin nawa ne."

"A'a."

"To bar min saƙo ɗaya. Wanda kake zagina a kan gishiri."

Jiƙaƙƙun yatsu suka zagaye wuyana. Sanyi ƙalau.

"Muryata ce. Duka nake so. Har wadda ke cikin kanki."

Suka matse.

Na lalubo wayar, na wurga ta taga. Kogi ya ce tsumbul.

Da safe kwanon ba ko ƙwaya.

Vinh ya ce na sake kashe masa uba, ya daina zuwa.

Ban taɓa sakin kaya a tayin farko ba sai ranar. Quyet yana cin shinkafarsa. Ni kuwa in na tuna shi, bakinsa ne kawai ke motsi, ba na jin komai. A haka na sallama.