Masassaƙi da Inuwar Maɗaci

A can wani zamani, an yi wani gwanin masassaƙi da ke aiki a gindin wani babban maɗaci. Kullum mutane na taruwa a inuwar, suna hira suna sayen akushi da muciya.

Wata rana ya ce, "Ni a muciya zan ƙare? Sai na sassaƙa kujerar da ba a taɓa ganin irinta ba." Ya duba gabas, babu icen da ya isa. Ya duba yamma, babu icen da ya isa. Sai ya ɗaga kai sama.

Wata tsohuwa mai sayar da fura a gefensa ta ce, "Ɗan nan, idan ka sare shi, a ina za mu zauna?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, a kan kujera mana!"

Ya sare maɗacin, ya sa gizago, ya sassaƙa, ya goge, ya zana wa kujerar ganyaye kamar iska za ta kaɗa su. Da ya gama, ya hau ya harɗe yana jiran yabo.

Mutane suka zo. Kowa ya ce, "Kai, sannu da aiki!" sai ya share gumi ya wuce gindin tsamiya, inda tsohuwa ta koma da ƙwaryarta.

Rana ta take. Masassaƙi ya duba gabas, babu inuwa. Ya duba yamma, babu inuwa. Da zafi ya ishe shi, sai ya sauko, ya tsuguna a ƙasa, ya kifa kujerar a kansa.